Zauren Shari'a: Ƙanena mai taɓin hankali ya yi kisa, sakinsa za a yi?

Assalamu alaikum Barista. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Ƙanena ya daɗe ba shi da lafiya. Yana magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa daga cikin rumbu, wani lokaci ya kwana a tsaye. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an taɓa kai shi asibitin Kazaure ya samu sauƙi, da kuɗin magani ya gagare mu sai aka bari. A kakar bana ana yankan gero ya sari maƙwabcinmu da gatari, wai shi ke turo masa muryoyin. Mutumin ya rasu. Yanzu yaron yana gidan yari. Wasu na cewa mahaukaci ba shi da shari'a, wasu na cewa haukan ƙarya ne. Inna ta daina cin abinci, ta dage kishiyarta ce ta yi masa sammu, kuma ta hana mu faɗa wa kowa ya taɓa kwanciya a asibiti, saboda ƙannenmu mata ba su yi aure ba. Baba ya daina fita majalisa. Ni kuma barci ya ƙaurace mini. Me doka ta ce, kuma yaya za mu yi da ranmu?

Daga wata baiwar Allah, Ɗambatta

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba iyalinsa haƙuri, ku kuma ya sassauta muku.

Masu cewa mahaukaci ba shi da shari'a rabin magana suka riƙe. Sashe na 51 na Final Kod (Penal Code), kundin hukunta laifuffuka da Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya ce abin da mutum ya aikata ba laifi ba ne idan a lokacin aikatawar rashin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Ki lura da "a lokacin". Alƙali ba zai tsaya a kan ko ƙanenki yana da larura ba. Abin da zai bi diddigi shi ne halin da ƙwaƙwalwarsa ke ciki a daidai sa'ar da ya ɗaga gatarin. Mai taɓin hankali yana iya wayar gari garau, ya san abin da yake yi, kuma doka ta kama shi kamar kowa.

Asalin wannan ma'auni daga Ingila yake. A 1843 wani Daniel M'Naghten, wanda ya yi imani 'yan siyasa na farautarsa, ya harbe sakataren firaminista Robert Peel. Kotu ta wanke shi saboda hauka, jama'a suka yi ca, aka sa manyan alƙalai suka tsara ƙa'idojin da suka bi ta Indiya da Sudan har suka iso mana. Abin da masu ba da labarin ke mantawa shi ne bai koma gida ba. A tsare ya ƙare rayuwarsa a gidan masu larurar, ya mutu a 1865.

Haka yake a nan. Idan kotu ta gamsu shi ya yi kisan amma ba ya cikin hankalinsa, ba za ta yanke masa hukuncin kisa na sashe na 221 ba, sai dai ta ba da umarnin a ajiye shi a wurin da za a tsare shi a kuma kula da shi, har sai hukuma ta ga dacewar sakinsa. Babu ranar fita a rubuce. Gara Inna ta ji wannan daga bakinki tun yanzu. Kafin nan ma akwai wata gaɓa: in har yanzu ba ya gane abin da ake tuhumarsa da shi, kotu na iya dakatar da shari'ar ta sa likita ya duba shi, sai ya samu sauƙi a ci gaba.

A wajen malamanmu ma maganar ba ta ƙare da "ba shi da laifi" ba. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da mahaukaci har sai ya dawo hankalinsa. Amma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san hukuncin Malikiyya: mahaukaci in ya yi kisa ba a kashe shi, diyya tana kan danginsa, mashayi kuwa in ya kashe, kashe shi ake yi. Dokar boko ma ba ta ɗaukar maye na ganganci a matsayin uzuri. Don haka in yaron yana shan wani abu, ku faɗa wa lauya tun farko, kada ya tsinci maganar a bakin mai gabatar da ƙara.

Yanzu ga inda na fi so ki saurare ni. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an nuna akasin haka, kuma nauyin nunawar yana wuyan wanda ake tuhuma. Ba a neman ya kawar da duk wani kokwanto, ya isa ya nuna cewa haukan ya fi rinjaye. Amma da me? Da katin asibiti, da kwalin maganin da ya sha, da likitan da ya gan shi, da malamin da ya yi masa ruƙiyya, da mai unguwa da maƙwabtan da suka san halinsa tun kafin abin, da gandirobobin da ke ganinsa yanzu, har da tarihin ko akwai mai irin ciwon a dangi. Cewa kawai "ai babu gaba tsakaninsu, me zai sa mai hankali ya yi haka" ba ya wadatar da kotu. Wato abin da Inna ke ɓoyewa shi ne mafi ƙarfin hujjar ɗanta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ban ga laifinta ba, kuma kada ki yi mata faɗa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa zuciya in ta gamu da abin da ya fi ƙarfinta tana neman mafaka. Wani ya ƙi yarda abin ya faru, wani ya nemi wanda zai ɗora wa, wani ya kulle bakinsa da ƙofarsa. Inna ta ɗora wa kishiya, don hakan ya fi sauƙi a kan tunanin maganin da aka daina saye. Baba ya zaɓi shiru. Irin wannan yana taimakawa na ɗan lokaci. In ya daɗe sai ya raba gida, ga shi a naku har yana neman cutar da shari'ar. Auren 'yan matan kuwa, ƙauye ya riga ya ji abin da ya faru, kuma jin cewa ciwo ne mai magani ya fi musu alheri a kan a ce ɗan'uwansu mugu ne.

Ku raba ɗawainiyar, kada ta taru a kanki. Wani ya riƙe zuwa kotu, wani ziyarar gidan yari, wani neman takardu. Ki samu mutum ɗaya da kika amince da shi ki riƙa amayar da abin da ke ranki. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, ku haɗa su. In rashin ci da rashin barcin nan sun wuce mako biyu, ko wani ya fara cewa gara mutuwa, to alamar ciwon damuwa ce, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano. Ke ma kina cikin lissafin.

Tuhumar kisa ba a yin ta babu lauya. In ba ku da hali, Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa tana da ofis a Kano kuma kyauta take tsayawa, kotu ma tana iya naɗa masa. Ki roƙi lauyan ya nemi a duba lafiyarsa da wuri, a kuma mayar da shi kan magani yana tsare. Gidan mamacin kuma kada kunya ta hana ku zuwa. Baba ya nemi liman da mai unguwa su raka shi ya yi ta'aziyya, ya bar maganar shari'a da ta diyya sai lauya yana wurin.