Amsa kan dinyoyin ƙarshen arewacin duniya: me ke sa su yawaita ko su ragu?

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka tambayi abin da ke sa dinyoyin da ke hayayyafa a ƙasashen ƙanƙara su dawo da 'ya'ya rututu wata shekara, wata shekarar kuma su dawo hannu rabbana, kuma ko sauyin yanayi ne ke ƙarar da su. Na ga wasu sun amsa maka a taƙaice cewa ɗumamar duniya ce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Tambayoyi biyu ka haɗa: hawa da saukar shekara-shekara daban, yawansu a tsawon shekaru talatin ko hamsin kuma daban.

A gabashin Ingila nake zaune, kuma na daɗe ina bin 'yan sa-kai masu ƙidayar tsuntsaye zuwa bakin teku da hunturu. Wadda muka fi ƙirgawa ita ce burent, 'yar baƙar dinya da ba ta kai tamu ta fadama girma ba. A tsibirin gaɓar Taimir na Sibiriya take ƙyanƙyasa, ta zo nan da Holan da Faransa cin hunturu. Idan ruwan teku ya janye suka bazu a kan laka, sai mu kafa madubin hangen nesa muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan bana yana da fararen zane-zane a fiffike, babba kuma fiffikensa sumul. Za ka ga uwa da uba da 'ya'ya uku ko huɗu suna kiwo tare, uban yana miƙe wuya yana korar maƙwabta. A shekara mai kyau 'yan bana kan kai kashi 30 cikin 100 ko fiye. A mummunar shekara sai ka duba garke guda har idonka ya yi ruwa don iska, ba ka ga ko ɗaya ba.

Babban dalilin wannan, ko ka yarda ko kar ka yarda, wani ɗan ɓera ne da ake kira lemin. Yawansa kan tashi ya faɗi kusan duk shekara 3. Idan ya yi yawa, yanyawar ƙanƙara ta ƙoshi da shi, ba ta damu da ƙwai ba. Shekara mai zuwa ɓeran ya ɓace, yanyawa kuwa ta riga ta hayayyafa, ga yunwa, sai ta koma kan sheƙar dinya. Har ma dinyar kan yi sheƙa kusa da farar mujiya don mujiyar na korar yanyawa, ita kuma mujiyar ba ta kwanci sai a shekarar ɓera.

Sai ƙanƙara. Lokacin da dinyoyin suke da shi can gajere ne ƙwarai. Sukan isa a tsakiyar Yuni, kwanci ya ci kwana 24 ko makamancin haka, sannan tsaki su yi fiffike kafin sanyi ya dawo. Idan dusar ƙanƙara ta makara ba ta narke ba, babu wurin aza ƙwai, kuma babu damar sakewa. Kamar manomin da damina ta yi wa latti ne. Bayan aman wutar dutsen Pinatubo na Filifin a 1991, bazarar 1992 ta zo da sanyi, tsuntsayen ruwa da yawa a faɗin yankin suka kasa hayayyafa. Kitse ma na da nasa rabon: macen da ta ci ta yi nauyi a gaɓar Holan a watan Mayu ita ta fi dawowa da 'ya'ya.

A nan ne ɗumamar yanayi ke shigowa, ta bayan gida. Tun daga shekarun 1990 tashin ɓeran nan ya yi rauni, shekarun albarka suka ragu wa burent. A Sibalbad, tsibiran Norway na can arewa, ƙanƙarar teku na narkewa da wuri, fararen beya, manyan namun dajin ƙanƙara, suna hawowa tudu suna cinye ƙwai. Wasu dinyoyin Rasha kuma suna gaggauta tafiya don su riski bazarar da ke zuwa da wuri, su isa a rame, tsakinsu su fito bayan ciyawa ta fara tsufa. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin ba a ganinsa sai an bi shekaru.

Amma kar ka rubuta cewa duk suna ƙarewa, ba haka ba ne. Yawansu na dogon zango, a ganina, ya fi rataya a kan abin da mutum ke yi a inda suke cin hunturu. Burent ta faɗi warwas bayan cuta ta kashe ciyawar teku da take ci a shekarun 1930, ta koma ƙasa da 20,000 a shekarun 1950. Da aka taƙaita farauta, ta kuma koyi shiga gonakin alkama, sai ta kai wajen 300,000 a farkon shekarun 1990. Manoman nan ba sa murna da hakan, kuma ina fahimtarsu, na ga gonar da garke ya aske. Farar dinyar Amurka kuwa ta yi ƙiba da shinkafa da masarar gonaki har ta yawaita ta lalata makiyayar gaɓar Hudson a Kanada, dole a 1999 aka sassauta dokar harbinta.

Wani jinsin dinyar da ake kira banakul, ta Sibalbad, mai sauka a mashigin Solway tsakanin Ingila da Sukotilan, ba ta wuce 300 ba a 1948. Kariya ta kai ta wajen 40,000, sannan murar tsuntsaye ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku a hunturun 2021 zuwa 2022.

Don haka idan aikin makaranta kake yi, ɗauki jinsi ɗaya, ka nemi alƙaluman 'yan bana na aƙalla shekara 20, ka jera su gefe da gefe da shekarun ɓera da ranakun narkewar ƙanƙara.