Amsa ga ƙanenmu da ake so a tura wakilci babu takarda

Ƙanena, tambayarka ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin maganar da aka faɗa maka ita ce aka faɗa wa da yawanmu a nan. Ka ce wata tashar waje ta nemi ka tafi ƙasar da ake yaƙi ka riƙa aiko musu da rahoto, su biya ka kan duk wanda suka watsa, amma babu kwantiragi, babu inshora, kuma wai ka shiga da bizar yawon buɗe ido "kafin a ga abin da hali zai yi". Kana kuma tambaya ko ba ta haka su Lyse Doucet da Christiane Amanpour suka fara ba.

Don Allah kar ka taka jirgi sai sun rubuta maka a takarda. Ba tsoro nake cusa maka ba, aikin nan yana da daɗi da daraja, kuma ina so ka daɗe a cikinsa har ka yi furfura.

Batun manyan da ka ambata, gaskiya ne Lyse Doucet ta fara ne tana mai zaman kanta, a Abidjan, a 1983. To amma shekara biyar ta yi a Afirka ta Yamma tana koyon yanki guda, har ta taimaka wa BBC wajen kafa ofishinta a can, sai a 1988 ta nufi Pakistan da Kabul. Amanpour kuwa a 1983 ɗin ta shiga CNN a Atlanta tana ƙaramar ma'aikaciya a teburin labaran waje, sai a 1990 aka gan ta a rikicin yankin Gulf, daga baya Sarayebo. Kate Adie daga ƙaramin gidan rediyon BBC na Durham a Ingila ta taso, kafin mamayar ofishin jakadancin Iran a Landan a 1980 ta fito da ita. Babu wadda a cikinsu aka ɗauka ranar farko aka ajiye a bakin daga ita kaɗai da jaka. Fuskar da kake gani a talabijin akwai furodusa a bayanta, da mai ɗaukar hoto, da direba, da tafinta, da mai ba da shawarar tsaro, da wani can hedikwata da ba ya barci sai sun kira. A watan Yunin 2004 aka harbi wakilin BBC Frank Gardner sau shida a Riyad. Ya yi watanni a asibiti, ya koma aiki a keken guragu, domin akwai gidan da ya tsaya masa. Mai ɗaukar hotonsa Simon Cumbers a wurin ya rasu. Ka tambayi kanka, in kai ne, wa zai biya kuɗin jirgin da zai ɗauko ka?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne irin editan nan mai zaƙin baki. Ni ma na sha hannunsa, kuma na tabbata akwai masu karanta wannan suna gyaɗa kai. Kafin ka tafi kai ne "gwarzonmu", saƙonka ba ya minti biyu bai amsa ba. Da gangan yake ƙin cewa "mun aike ka", sai ya ce "in ka samu kanka a can, muna sha'awar labari". Ka lura da wannan lafazin sosai, domin an zaɓe shi ne don ranar da abu zai lalace a ce ai kai ka kai kanka. Ranar da aka tsare ka a shingen bincike, soja ya ce wa kake yi wa aiki, ka ba da lamba, a kira ta yi ta ƙara babu mai ɗagawa saboda can dare ne ko ƙarshen mako. In an ɗaga a ce bari a tambayi na sama. Kai kana tsugunne a rana an ƙwace maka waya, su suna neman wanda zai sa hannu. Babu lokacin da ya kai wannan ɗaci a aikin nan, ko ƙarar harbi ba ta kai shi ba, domin harbi ka san daga abokin gaba yake. Bayan an sake ka kuma, tambayarsa ta farko ita ce ko ka naɗi sauti. Rahoton da ka yi kwana uku kana haɗawa, wani babban labari ya ɓullo a wata nahiya a ture naka, a ce ba a watsa ba don haka babu biya. Kuɗin mota da na tafinta da na masauki duk daga aljihunka. Wanda aka watsa ma sai ka yi wata biyu ko uku kana bin sashen kuɗi, ana ce maka takardar neman biyanka ta ɓata, sake turowa. Shi kuwa editan albashinsa bai taɓa makara ba. Allah ya isa kawai mutum zai ce.

Saboda haka ga abin da takardar za ta ƙunsa. Wasiƙar aike a kan takardar tashar mai tambari, da sunanka kamar yadda yake a fasfo, da sunan ƙasar, da ranakun aikin, da lambar mutumin da zai ɗaga waya dare da rana. Kuɗin kowane nau'in aiki daban: gajeren rahoto, dogon rahoto mai muryoyi, hira kai tsaye. Rabin kuɗi ko abin da kuka daidaita in sun sa ka aiki suka fasa watsawa. Wa ke biyan direba da tafinta. Kwana nawa kuɗi zai yi kafin ya shigo. Sai uwa uba inshora. Inshorar tafiya da ake saya tare da tikiti galibi takan cire yaƙi da ta'addanci, ka karanta ƙananan rubutun za ka gani. Wadda kake buƙata sai ta ambaci ƙasar da sunanta, ta haɗa da kwaso ka zuwa asibiti a wata ƙasa, da naƙasa, da dawo da gawa. Kalmar babu daɗin ji amma a rubuta ta. Bayan kashe 'yan jarida masu zaman kansu James Foley da Steven Sotloff a Siriya a 2014, kafafen yaɗa labarai da ƙungiyoyin 'yan jarida sun fitar da ƙa'idoji a 2015 ƙarƙashin ƙawancen ACOS mai kula da tsaron 'yan jarida, waɗanda suka ce mai zaman kansa da aka aika wuri mai haɗari a kula da shi kamar ma'aikacin gida. Ka duba ko tasharka ta sa hannu, in ta sa ka tuna musu.

Bizar yawon buɗe ido kuwa, a'a. Ka nemi bizar aikin jarida da katin izini daga ma'aikatar yaɗa labaran ƙasar, ko da zai ɗauki makonni. Peter Greste gogagge ne, da Aljazira a bayansa, amma da aka kama shi a Alƙahira a Disambar 2013 tare da Mohamed Fahmy da Baher Mohamed, rashin izinin aiki na cikin abin da aka riƙe a kansu. Kwana 400 ya yi a tsare. Baher kuma an ƙara masa shekara 3 a kan bakwai ɗin da aka yanke wa sauran, saboda kwanson harsashi guda da aka samu a wurinsa. Kar ka tsinci komai a ƙasa don tsaraba, ko kwanso, ko tuta, ko hular soja.

Kafin komai ma ka yi horon aiki a wuraren haɗari da taimakon gaggawa, kwana uku zuwa biyar ne. In babu kuɗi, gidauniyar Rory Peck, wadda aka kafa a 1995 don tunawa da mai ɗaukar hoton da aka kashe a Mosko a 1993, tana tallafa wa masu zaman kansu da kuɗin horo. A can za ka koyi abin da ya fi kyamara muhimmanci, wato maɗaurin tsayar da jini. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, 'yan mintoci kaɗan mutum yake da su. Ana ɗaurawa santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba, a murɗa har jini ya tsaya ko da mutum yana ihu, a rubuta lokacin. Ka riƙe biyu, a gaban riga inda kowane hannu zai kai, kar ka cusa a ƙasan jaka. Ka koyi ɗaura wa kanka da hannu ɗaya.

Rigar sulke iri biyu ce. Mai laushi tana tare ɓarɓashin bam da harsashin ƙaramar bindiga, amma ba ta tare na AK-47, sai an sa faranti gaba da baya. Farantin tangaran in ya faɗi ƙasa yana iya tsagewa ta ciki ba ka gani ba, don haka kar ka karɓi na aro ba ka tambayi tarihinsa ba. Ƙungiyar RSF mai kare 'yan jarida tana ba da aron riga da hular kwano. Wasu ƙasashe, irin su Tailan, suna ɗaukar rigar a matsayin kayan soja, sai da lasisi. Wayar tauraron ɗan'adam ma haka, a Indiya ana kama mutum a filin jirgi saboda ita. Kuma kar rigar ta ruɗe ka. Shireen Abu Akleh ta yi shekara 25 a Aljazira, tana sanye da riga mai rubutun 'yan jarida da hular kwano aka harbe ta a Jenin ranar 11 ga Mayun 2022. Sashe na 79 na ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya ce ɗan jarida farar hula ne, amma mai bindigar da ke gabanka ba lallai ya damu da shi ba.

Na tuna wani abu, batir. Na lithiyam a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da za a auna ba, kuma wanda ƙarfinsa ya haura 100Wh (ana rubuta shi a jikin batirin) sai da yardar kamfanin jirgi. Ka rubuta jerin kayanka da lambobinsu don kwastan. Kuɗi kuma tsaba, sababbin takardun dala marasa yagewa, a raba wuri uku, da ɗan kaɗan a aljihun gaba wanda za ka iya miƙawa ba tare da ka buɗe sauran ba.

Ba ka tambayi batun ɗan jagora ba, amma dole in yi shi, domin nan ne mu ma muke zalunci. Shi ya san hanya, shi ya san wanda za a gaisar, shi zai zauna bayan ka hau jirgi ka tafi. A 2007 'yan Taliban suka kama ɗan jaridar Italiya Daniele Mastrogiacomo da tafintansa Ajmal Naqshbandi da direbansu. Aka kashe direban, aka yi musayar fursunoni aka saki Baturen, Ajmal kuma aka yanka shi. A Afrilun 2003 a arewacin Iraƙi bam ɗin jirgin Amurka ya faɗa kan ayarin da wakilin BBC John Simpson yake ciki, shi ya tsira da rauni, tafintansa Kamaran Abdurazaq Muhamed ya rasu. Sunan wa duniya ta riƙe? Ka biya ɗan jagoranka kullum da yamma, kar ka tara masa. In kana da riga shi ma ya samu. In ya ce yau ba a bin hanyar nan, magana ta ƙare, ko da edita yana ta kira. Ka tambaye shi ko yana so a faɗi sunansa a iska, domin wani sunan alheri ne gare shi, wani kuma ajalinsa ne. Lambobin majiyoyinka kar su kasance da sunayensu na gaskiya a waya.

Ka ajiye mutum guda da za ka riƙa kira safe da yamma a ƙayyadadden lokaci, ku yarda cewa in awa biyu ta wuce shiru zai fara kiran wane da wane, a jere. Ka bar masa kwafin fasfo, rukunin jininka, da tambayoyi uku da kai kaɗai ka san amsarsu, don a tabbatar kana raye in an yi garkuwa da kai. Ƙungiyar agaji ta ICRC tana da layi na musamman don 'yan jaridar da aka kama ko suka ɓace, ka ba shi. In ka kunna wayar tauraron ɗan'adam ka taƙaita, ka bar wurin, ana iya gano inda sigina ke fitowa.

Aikin kansa ka riga ka iya shi. Abin da zan ƙara kawai, duk inda ka je ka naɗi minti guda na sautin wurin kafin ka yi wa kowa tambaya, kuma kar ka cire abin sauraro daga kunne, iska tana lalata hira ba ka sani ba. Sautin minti guda in an matse shi zuwa MP3 bai cika wuce megabait ɗaya ba, ko intanet mai rauni zai tura shi, don haka ka aika murya tukuna hoto ya biyo baya. A hira kai tsaye mai gabatarwa zai matsa maka da "mutum nawa suka mutu?" Ka faɗi abin da idonka ya gani, ka faɗi abin da aka gaya maka da wanda ya gaya maka, kar ka haɗa su.

Sai ciwon da ba a gani. Fergal Keane ya ga kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, sai a 2020 ya sauka daga muƙamin editan Afirka na BBC saboda ciwon firgici da ya daɗe yana fama da shi. In ka dawo barci ya ƙi, ƙarar rufe ƙofa tana sa ka zabura, kana yi wa iyali tsawa babu dalili, kuma abin ya haura wata guda, ka ga likita. Ba raunin imani ba ne. Ma'aikacin gida ana ba shi hutu da mai duba shi, kai babu mai tambayarka, shi ya sa nake so ko wannan ka sa a cikin takardar.

In sun ƙi rubutawa, ka ce musu za ka zauna a babban birnin maƙwabciyar ƙasar, inda 'yan gudun hijira da jami'an agaji da masu shiga tsakani suke, ka yi wata shida kana aiko da rahoto daga can, ka koyi harshen, ka nemi tasha ta biyu da ta uku da za ka riƙa sayar wa aiki don kar mutum ɗaya ya riƙe maka wuya. Ka tura musu jerin nan yau, duk amsar da suka bayar ka kawo mu duba tare kafin ka sayi tikiti.