Amsa: Shin da nukiliya jirgin Fujian yake tafiya?

Malam, ka tambaya ko Fujian, jirgin ruwan yaƙi na uku mai ɗaukar jiragen sama na ƙasar Sin, da makamashin nukiliya yake aiki tunda da lantarki yake cilla jiragensa. A'a, mai yake sha. Tun da aka saukar da shi ruwa a Shanghai a 2022 aka san haka. Irin waɗannan jirage masu nukiliya, Amurka ce ke da su, sai Faransa da Charles de Gaulle ɗinta guda ɗaya.

Abin da ke rikita mutane, sun ga jirgin Gerald R. Ford na Amurka ya haɗa biyun, nukiliya da cillawa da lantarki, sai suka ɗauka dole ne. Na'urar cillawar tana buƙatar wuta mai yawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma tara ta ake yi kafin lokacin. Duk wanda ya yi aiki da janareta da batir ya san wannan. Inda nukiliya ta fi shi ne doguwar tafiya ba tare da ɗaukar mai ba. Amma ko ita, man jiragen saman da abincin dubban sojoji sai jirgin dako ya kawo.