Tambaya da Amsa: In fesa fiya-fiya a lambuna da wakena kafin sanyi ya kankama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu a tsakar gida a Zariya, tumatir da salak da alayyahu a buhuna da tsofaffin bokitai, da tukwanen furanni biyu a falo. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa ganyen tumatir ke nannaɗewa, in na ɗaga sai in ga ƙananan fararen ƙwari. Waken da na saya tiya 10 don ajiya shi ma ya fara huda. Maƙwabciyata ta ce in zuba murfi ɗaya na fiya-fiya a ruwa in fesa wa duka, har waken, wai in an wanke an shanya shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba, don yarana da hannunsu suke tsinkar salak ɗin su ci. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Ki ɗauke kwalbar nan ki kulle ta inda hannun yaro ba zai kai ba, sannan mu yi magana.

Fararen ƙwarin farin ƙuda ne, shi da darɓa lokacinsu ke nan, suna tsotse ruwan ganye daga ƙasa. Ki tsinke ganyen da ya lalace ki ƙone. Ki daka 'ya'yan darbejiya busassu, kamar giram 50 a lita 1 ta ruwa, su kwana a jiƙe, ki tace da ƙyalle, ki ɗan narka sabulu a ciki, ki fesa da la'asar sakaliya. Ƙasan ganye za ki nufa, can suke ɓuya. Duk mako ki maimaita. In kuwa wani tushe ya tsumbure, ganyensa duk ya murɗe ya yi rawaya, cuta ce ƙudan ya sa masa, ba maganin da zai tashe shi, ki tuge shi kawai.

Ban ruwa da safe bayan rana ta ɗaga. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa ta ruɗe ki, alhali ciki da danshi, don haka ki nutsa yatsa ki ji kafin ki zuba. Ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa. Furannin falo ki rage musu ruwa, ki riƙa goge ƙurar ganyensu da jiƙaƙƙen tsumma. Alayyahu zai yi nawa a sanyi, kada ki ɗura masa taki. Salak da karas da kabeji da albasa kuwa yanzu ne kakarsu, shi ya sa manoman Kadawa da Kura ke dashe a wannan lokaci.

To, mu koma kan fiya-fiya, don shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na ji wannan magana ta "ai in an wanke ya fita". Na ji ta a bakin 'yan hatsi, na ji ta a bakin masu busasshen kifi, har a bakin masu digiri na ji ta. Abin da ke cikin maganin ƙwari na Sniper da yawancin fiya-fiyan da ake durawa a kwalaben sirof sinadari ne mai suna dichlorvos, a kwalba za ki ga an rubuta DDVP. Aikinsa shi ne ya toshe abin da ke sakin jijiya bayan ta kama, sai jijiyoyin ƙwaro su ƙi saki har numfashi ya tsaya. Jijiyar ɗanki da ta ƙwaro a nan hanyarsu ɗaya. Ta baki yana shiga, ta fata yana shiga, ta shaƙa ma haka.

Gaskiya ne wani kaso nasa yana tashi a iska da tafiyar kwanaki. Amma wa ya auna wanda ya rage? Murfi ɗaya na wace kwalba, mai ƙarfin nawa? Wanda ake haɗawa a lungu babu takarda a jikinsa, mai haɗawar ma bai san adadin da ya zuba ba. Wake mai huda yana tsotse shi ya shige ciki, wankin waje ba ya kai masa. Salak kuma ɗanye ake ci, ga lungu-lungu a ganyensa. Shi kuma wanda ya tashi a iskar, ina ya nufa? A sanyi kowa ya rufe ƙofa da taga, har da toshe kafa da tsumma. Wanda ya fesa wa furen falo ko buhun da ke bayan gado, huhun masu barci ya fesa wa.

Na taɓa shiga wani gida da aka yayyafa wa buhun wake aka jingine shi a ɗakin yara. Na tarar da yarinya 'yar shekara 4 miyau na dalala, zufa ta jiƙa mata riga da sanyin safiyar nan, ƙwayar idonta ta tsuke kamar bakin allura, ƙirjinta na kurari. Bakinta kuma ja wur da manja, don wata tsohuwa ta ce shi ke karya guba. Allah ya yi da sauran kwana, aka kai ta asibiti a kan lokaci. Hajiya, ki riƙe wannan ki kuma faɗa wa matan unguwa: manja ba ya karya wannan guba, madara ma haka. Ɗura wa wanda numfashinsa ke sarƙewa abu, ko sa shi amai da ƙarfi, yana iya tura abin cikin huhu. A fitar da shi iska, a tuɓe kayan da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu, a ruga asibiti da kwalbar a hannu. Akwai allurar atropine da likita ke yi, ba a gida ake yin ta ba, ba kuma a kemis ɗin bakin layi ba.

Abin takaicin shi ne maganar ba sabuwa ba ce. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan wannan sinadari a cikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Yau ki je tasha ko kasuwar ƙauye, ga shi nan a faranti kusa da ashana da batir, yaro ma aka aika za a miƙa masa. Gargaɗin da ke jikin kwalbar da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, ga mai saye da ko ajami da ƙyar yake haɗawa. Waken da baƙi suka ce ba sa ci, shi muke yi wa 'ya'yanmu ƙosai da alale. Mai hatsin da ya zuba wa abincin jama'a guba don kada ya yi asarar mudu biyu ya sani amana ya ci, kuma akwai ranar tambaya.

Wakenki tiya 10 bai kai abin tashin hankali ba. Ki sheƙe shi, ki tsince masu huda ki fara dafa su. Sauran ki shanya ya bushe ƙayau, wanda in kin ciza zai ce ƙas. Ki cika jarka mai tsabta har wuya, wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba, ki sa leda a baki ki murɗa murfi tam. Ƙwaron zai cinye 'yar iskar da ta rage ya mutu da kansa. In kina da firiza mai wuta, kwana 4 zuwa 7 a ciki na kashe shi har ƙwansa. Mai buhu guda ya nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, ya ɗaure kowane baki daban. Na girkin mako ki ware shi a wani mazubi, don kada ki riƙa buɗe jarkar iska na komawa.