Amsa: Rigar sanyin soja za ta iya maye gurbin bargo?

Malam, ka ce kuɗin bargo ya gagara, ga hunturu ya kankama a Zariya, kana tambaya ko tsohuwar kwat ɗin soja da ka samu a gwanjon Sabon Gari za ta yi. Za ta yi, in dai ta ulu ce mai nauyi. Dama don kwanan fili aka ɗinka irinta, sojojin Turai sun sha lulluɓa da ita a ramuka lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918. Ulu yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe.

Amma fara wanke ta da ruwan sanyi, don ruwan zafi yana sa ulu ya tsuke. Ka shanya ta a rana sosai, ka bi ɗinkin da kyau, nan kuɗin cizo da ƙwarƙwata ke ɓuya. Ka cire maɓallan ƙarfen. Sanyi mai yawa kuma daga siminti yake tasowa, saboda haka ka sa kwali ƙarƙashin tabarma. Jariri kam kada a rufa masa ita, ta yi masa nauyi.

Kuma ta tsaya a ɗaki. Zariya garin Daffo ne, wato barikin horar da sababbin sojoji, kada ka saka ta ka fita sallar asuba, soja ba sa wasa da kakinsu.