Hukuncin Saye da Tara Tsohon Tangaran na Sin

TAMBAYA: Malam, ina son sayen tsoffin farantan tangaran na Sin masu zanen shuɗi da fari. Dillali ya ce an tsamo wasu daga jirgin ruwan da ya nutse. Ya halatta in mallake su? Akwai zakka?

AMSA: Alhamdu lillahi. Shi kansa tangaran halal ne. Abin da hadisin Huzaifa ya hana shi ne ci da sha a kwanon zinariya da azurfa, wannan kuwa farar laka ce aka gasa, galibi a garin Jingdezhen, komai tsadarsa. Musulmi sun daɗe suna tara shi: fadar Topkapi a Istambul tana da sama da guda 10,000. Zanen tsuntsu ko dodo a jikin faranti ba shi da inuwa, wato ba siffa ce mai jiki ba, saboda haka a wurin Malikiyya bai kai haram ba. Makaruhi ne in ado aka jera shi, ya fi sauƙi in ana cin abinci a ciki.

Inda maganar take shi ne ta wane hannu ya iso gare ka. Shah Abbas, sarkin Iran, ya yi wakafin tangaransa ga hubbaren garin Ardabil a 1611, kuma wakafi ba a sayar da shi. Wanda aka ɓamɓare daga kaburburan gaɓar tekun Kenya, ko aka wawushe a fadar bazara ta Beijin a 1860, kayan ƙwace ne. Sauya hannu sau goma ba ya wanke shi. In mai hakki ya tabbatar da hujja zai karɓi abinsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka da kuɗinka.

Na teku fa? Malamanmu sun rarrabe: abin da ba a taɓa mallaka ba, kamar ambar, na wanda ya samu ne, wanda aka san na Musulmi ne ko ɗan amana, tsintuwa ce, sai an yi cigiya. Yau kuma ƙasashe suna da doka kan abin da ke cikin ruwansu, bin ta wajibi ne. Jirgin Geldermalsen na Holan ya nutse a 1752, aka yi gwanjon kayansa a Amstadam a 1986, amma hakan bai zama lasisi ga kowane mai nutso ba. Nemi takardar izinin tsamowa, rasiɗin gwanjo, da izinin fitarwa daga ƙasar. In dillali ya fara kame-kame, ka bar shi.

Kada tambarin sarki da ke gindin faranti ya ruɗe ka. Tun kafin zamanin Kangxi, sarkin Sin, ake buga sunan Chenghua, wani sarkin da ya gabace shi da daɗewa, a kan sabon aiki. In za ka sayar, bayyana tsaga, liƙi da shakkar shekaru. Ɓoyewa algus ne.

Zakka: na ajiya da ado babu. In don kasuwa ne kana juyawa, ka ƙiyasta shi duk shekara ka fitar da kashi 2.5 cikin 100 in ya kai nisabi. In jiran tashin farashi kake, sai ranar da ka sayar, zakkar shekara ɗaya. Allah ne Mafi sani.