Fatawa: Hukuncin Tafiya Aikin Agaji Wata Ƙasa Bayan Ambaliya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magini ne a nan Tahoua, na kuma iya gyaran famfon foraj, wato rijiyar burtsatse. Wata ƙungiyar agaji da shugabanninta ba Musulmi ba ne tana neman masu aikin sa kai su tafi Chadi wata uku, a gyara rijiyoyi da makewayi a garuruwan da ruwa ya ci. Babu albashi, sai kuɗin guzuri na kullum. Ina da mata da ƴaƴa uku, ana bi na bashin jaka 150 na siminti, mahaifiyata kuma ta ce hankalinta bai kwanta ba. Shin ya halatta in tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Ceton wanda masifa ta afka wa farilla ce ta kifaya: in wasu sun tsaya da ita, ta sauka daga wuyan saura. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 32, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya, ayar kuwa ba ta tambayi ƙasar mai ran ba. Iyakar da ta raba Nijar da Chadi ta takardu ce. Tafiyar a asalinta halal ce, abin so ce ma. Sai dai kai ɗin nan akwai igiya uku a ƙafarka, kuma sai ka kwance su kafin ka ɗauki jaka.

Ta farko ita ce mahaifiya, ita ce kuma mafi kauri. Wani mutum ya nemi izinin fita jihadi wurin Annabi (SAW), sai ya tambaye shi ko iyayensa na raye. Da ya ce e, sai ya ce ya koma ya yi jihadinsa a cikin hidimarsu. Malamanmu na Malikiyya sun gina hukunci a kan haka: iyaye suna da ikon hana ɗansu farillar kifaya idan akwai haɗari a cikinta. In jihadi ya tsaya saboda uwa, gyaran rijiya ya fi cancanta ya tsaya. Amma lura da lafazinta. "Hankalina bai kwanta ba" ba daidai yake da "ban yarda ba". Sau da yawa abin da tsohuwa take tsoro shi ne abin da ba a gaya mata ba. Ka zauna gabanta ka faɗa mata garin da za ka, ta wace hanya, wa zai riƙa kawo mata cefane, ran da za ka dawo. In hanyar ta ƙasa ce ta gefen Tafkin Chadi, to tsoronta na kan gaskiya, domin kowa ya san halin tsaron yankin, kuma kai ma haƙƙinka ne ka sa ƙungiyar ta yi maka bayanin yadda za ta kai ka ta dawo da kai. Kana iya sa kawunka ko wata gwaggo da take jin maganarta su sa baki. In bayan wannan duka ta ce a'a, ka zauna. Kada ka karɓi "je ka" ɗin da aka faɗa da hawaye ka ce izini ne.

Ta biyu iyali. Ciyar da matarka da ƴaƴanka farilla ce a kanka kai kaɗai, babu wanda zai ɗauke maka ita. Ya zo a hadisi cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Magini yana ci ne daga aikin hannunsa na ranar, in ya yi wata uku bai ɗora bulo ba, wata uku ke nan ba shigowa. Ka zauna da maiɗakinka ku ƙirga hatsin wata uku, kuɗin cefane, haya in kuna haya, kuɗin lakwal na yara, da ɗan abin da za a ajiye don asibiti. Ka bar shi a hannu ko wurin amintacce. Dogaro da cewa za ka riƙa tsimin kuɗin guzuri kana aikowa ba shiri ba ne, irin wannan kuɗi yakan makara.

Ta uku bashi. In lokacin biyan jaka 150 ɗin ya yi kuma kana da halin biya, ba ka da damar tafiya sai ka biya ko mai kuɗin ya yarda. In lokacin zai cika kana can, mai bashin yana da ikon tsayar da kai har ka wakilta wanda zai biya ko ka kawo lamuni. A rubuta, a sa shaidu biyu.

Zancen cewa shugabannin ƙungiyar ba Musulmi ba ne bai hana komai ba. Suratul Mumtahana, aya ta 8, ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, kuma an umurce mu da taimakekeniya a kan alheri. Sharaɗi biyu ne: kada a sa ka saɓon Allah, kada kuma a mai da agajin ƙugiyar jan mabuƙata su bar addininsu. In ka ga ana haɗa buhun shinkafa da wa'azin wani addini, ka janye hannunka. Kai ma ba a yarda ka hana Kirista ko wanin sa ruwa don ba ya salla ba. Mutanen kudancin Chadi da yawa ba Musulmi ba ne, kuma Annabi (SAW) ya ce akwai lada a cikin kowace hanta mai danshi, wato kowane mai rai. Zakka ce take da masu cinta na musamman, kuma ba za ka biya kuɗin motarka da zakkarka ba.

Yanzu ga inda masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa rami. Shari'a ba ta karɓar "na yi nufin alheri" daga wanda ya taɓa abin da bai iya ba. Hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba, kuma ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa" ta hau kan mai cebur kamar yadda ta hau kan mai allura. A Haiti, bayan girgizar ƙasar 2010, kwalara ta kashe kusan mutum 10,000, kuma an gano ta fito ne daga ƙazantar sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da ta malala cikin kogi. Waɗanda suka zo taimako su suka kawo annobar, har Majalisar ta nemi gafara a 2016. Makewayi ne ya jawo wannan, kuma makewayi za ka je ginawa.

Saboda haka ka riƙe ma'aunin aikin kamar yadda kake riƙe sharuɗɗan alwala. Tsakanin ramin masai da rijiya a bar aƙalla mita 30, ramin kuma ya kasance ta gangare, kada ya hau saman rijiya. Gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A wurin da ambaliya ta kwanta ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, wani lokaci kamu biyu za ka haƙa ka tarar da shi, don haka a can ɗaga masai ake yi sama a kan dakali, ba a zurfafa shi. Hannun da ya saba da tsandaurin Adar, ƙasarmu ta Tahoua, zai so ya yi ta haƙa, ka hana shi. A sansanin waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu ana lissafin masai ɗaya ga mutum 20, na mata daban da na maza, da ƙofa mai sakata. In babu sakata mata ba za su shiga ba, sai su jira dare su fita fili, aikin ya tashi a banza.

Rijiyar da ruwa ya shanye ba a buɗe ta don kawai ruwanta ya yi garau a ido. A kwashe ruwan, a yashe laka da duk mushen da ya faɗa, a toshe tsagar bango, a ɗaga bakinta sama da inda ruwa ya kai, a zuba daɓen siminti kewaye da magudana, sannan a sa sinadarin kulorin a auna. Kada ka taɓa shiga rijiya mai zurfi ana kunna injin jan ruwa a cikinta ko a bakinta, hayaƙinsa yana taruwa a ƙasa ya kashe mutum shiru. Wanda ya san haka ya shiga, ya jefa kansa ga halaka ne. In kun kafa famfo, ka tambaya ko ana samun kayan gyaransa a kasuwar yankin, ka kuma koya wa mutum biyu na garin sauya robar da ke cinyewa. Sadaka mai gudana tana gudana ne muddin famfon na ba da ruwa.

Kuɗin guzurin halal ne, ba ya rage lada in niyya ta tsaya. Abin da ya haramta shi ne taɓa kayan agaji. Annabi (SAW) ya tsawata wa ma'aikacin zakkar da ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, ya ce me ya hana shi zama gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Ragowar siminti, tanti, man mota, akuyar da mai gari ya ba ka don a fara da unguwarsa, duk hukuncinsu ɗaya. Haka ɗaukar hoton mace tana miƙo hannu a watsa a Facebook ba da yardarta ba: Suratul Baƙara, aya ta 264, ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Neman wata alfarma wurin matan sansani a bakin abinci kuwa, wannan zalunci ne a kan zina.

Sallarka: a hanya ka yi ƙasaru, tunda tafiyar ta zarce mil 48, wajen kilomita 80. Da ka isa inda ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, sai ka cika. Ruwan da laka kawai ta sauya masa launi yana alwala, wanda najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari ba ya yi, ruwan ambaliyar cikin gari kuwa galibi ya gauraya da masai. Ɗan kulorin da aka sa wa ruwan sha bai hana alwala da shi ba. In ruwa ya yi ƙaranci har rabon mutum bai kai lita 15 ɗin da ake ƙoƙarin ba kowa a yini ba, kuma alwalarka za ta rage na shan wani, ka yi taimama. Ka ware tufafi ɗaya a leda don salla.

Kafin ka tashi ka karɓi allurar shawara da katinta, da ta sarƙewar haƙora, domin aikin cikin ƙusa da tsohon kwano ne. Ka sa a rubuta maka wanda zai ɗauki nauyinka in ka ji rauni. In igiyar nan uku ta ƙi kwantuwa, ka tuna daminar 2024 ta rusa gidaje a jihohin Nijar, har da jiharmu ta Tahoua, kuma Yamai ta ga nata a 2020 da kogin Kwara ya fasa madatsai. Duk ma'aunin da na lissafa maka yana aiki a ƙauyen da za ka je da safe ka dawo ka kwana gida. Wallahu a'alam.